Ba duk tsuntsu ne shaho ba

Jiya da daddare 'yar yayata ta kawo min aikin gida. An ce ta nemo kalmar da ta yi daidai da "bird", sai ta rubuta "hawk", ta zauna tana jiran yabo. Na ce, ke, tattabarun da ke kan rufinmu shaho ne? Ta tuntsire da dariya.

Ban ga laifin yarinyar ba. Ana koya wa yaranmu kalmomin Turanci a jere, wannan daidai take da waccan, a haddace a zuba a jarrabawa. Alhali da yawansu uwa da 'ya'ya ne. "Bird" uwa ce, shaho da ungulu da tattabara duk a bayanta suke goye, ita ma kuma 'ya ce a gidan "animal". Masana harshe suna ce wa uwar "hypernym", 'yar kuma "hyponym", amma wallahi ko yaro bai taɓa jin sunayen nan ba, in ya san wa ta goyi wa ya wadatar.

Abin da ya fi ba ni sha'awa, matsayin ba ya zama wuri ɗaya. A tsohon Turanci "deer" kowace irin dabba ce, yau ta tsuke ta koma dangin barewa kaɗai, ga kuma 'yar'uwarta ta Jamusanci, "Tier", har gobe dabba take nufi. "Meat" a da abinci ne kowane iri, ba nama kawai ba, shi ya sa "sweetmeat" kayan zaƙi ne, babu ko tsoka a ciki. "Hound" ita ce sunan kare gaba ɗaya, sai "dog" ta ƙwace gidan, ta bar ta da karen farauta. Uwa ta koma 'ya ke nan.

Tun 1852 wani Baturen Ingila, Peter Mark Roget, ya tsara kalmomin Turanci gida-gida bisa ma'ana maimakon jerin baƙaƙe, mu kuwa har yanzu hadda muke sa yara.

Kafin ta tashi na ba ta misalin "uncle", wadda ta haɗe ɗan'uwan uwa da na uba a waje guda. Ta yi shiru, can ta ce, "Kawu, wato kai da Baffa duk sunanku ɗaya?" Na ce ƙwarai. Ta tattara littattafanta tana cewa lallai Turawa ba su iya zumunci ba.