Mai Kaza a Aljihu Ba Ya Jimirin As

Akwai wani da ya naɗa wa kansa rawanin masanin kasafin kuɗi, yana bin taro yana cewa bai wa mace kujera a ƙaramar hukuma asarar kujera ce, wai ko an zaɓe ta, mijinta ne zai riƙa juya ta daga gida. Ban kama suna ba, ya san kansa.

To, ya buɗe kunne. A 1993 Indiya ta fara aiki da gyara na 73 na tsarin mulkinta, wanda ya keɓe wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauyuka, har da na shugabanci. Masana biyu, Raghabendra Chattopadhyay da Esther Duflo, suka bi sawun kuɗin a jihohin Bengal ta Yamma da Rajasthan, suka fitar da sakamako a 2004. Inda mace ke shugabanci, aikin ruwan sha ya ƙaru a jihohin biyu. A Bengal an haɗa da hanyoyi, domin su ne matan can suka fi kai kuka a kansu. A Rajasthan kuwa, inda maza ne suka fi neman hanya, aikin hanya ya ragu, kuɗin ya karkata ga ruwa. Da mazajensu ne ke juya su, ai da kasafin bai motsa daga inda yake ba.

Abin da ke ƙona mini rai, mai wannan magana bai taɓa tsayawa a layin famfo tun asuba ba, bai taɓa raka mai naƙuda asibiti ya tarar ba ruwan wanke hannu ba. Kuma duk wanda ya zauna da shi ya san ba ƙuri'a ce ta ɗora shi a kan kujera ba, ubangida ne, kuma har yau ba ya sa hannu a takarda sai ya buga waya an ba shi izini. Shi ne yau yake tsoron kada a juya wata!

Ba na cewa kowace mace adala ce, a cikinsu ma akwai masu handama. Amma a auna kowa da aikinsa. In ya isa, ya fito da kasafin shekarun da ya yi a kujera, mu ƙirga rijiyoyin burtsatse nawa ke kawo ruwa yau, motocin ofis nawa aka saya.