Santimita 20 na ruwa da rigimar lissafin asarar gona a Holan

A Holan akwai hukumomin ruwa na yanki guda 21, kuma ɗaya daga cikin manyan ayyukansu shi ne yanke shawarar inda ruwa zai tsaya a lambatu da magudanai. Su ɗaga ƙofar ruwa da santimita 20, mai dankalin Turawa a kwari ya ce an jiƙa masa gona. Su sauke ta, mai masara a jigawa ya ce an busar masa da ita. Kowanne zai nemi diyya, sai an kawo lissafin da ke cewa kashi kaza aka yi asara. To wane lissafi?

Tsohon shi ne jadawalin HELP na 1987. A ba shi irin ƙasa, irin shuka, da lambobi biyu: GHG da GLG. Ana auna zurfin ruwan ƙarƙashin ƙasa ranar 14 da ranar 28 ga kowane wata, a ɗauki awo uku mafi kusa da sama a shekara, a fitar da matsakaicinsu na aƙalla shekara takwas, wannan shi ne GHG. GLG kuma haka, amma da awo uku mafi zurfi. Sai jadawalin ya ba ka kashi nawa fari ya ci, kashi nawa yawan ruwa ya ci. Yana da sauƙi, kowa na iya duba shi a takarda, shi ya sa ya daɗe. Amma an gina shi ne kan yanayin shekarun da suka gabaci 1987, ɓangaren asarar yawan ruwa kuma ya fi dogara da kintacen masana. Abin da ya fi muni, matsakaici kawai ya sani. Shekarar fari irin 2018 da shekarar ruwa irin 1998, da aka bar dankali a gona saboda tarakta ta kasa shiga, duk ya haɗiye su cikin lamba ɗaya.

Sabon shi ne Waterwijzer Landbouw, wanda ya fito a 2018, masana na jami'ar Wageningen da abokan aikinsu suka haɗa. A cikinsa manhaja biyu ke aiki tare: SWAP tana bin tafiyar ruwa a cikin ƙasa kullum, WOFOST tana bin girman shuka kullum. Yana raba asara gida-gida: ta fari, ta ƙarancin iska a saiwa, ta gishiri, da wadda ba ta kai-tsaye ba, wato jinkirin shuka ko girbi don ƙasa ta yi taɓo.

Ni a ganina, wurin da sabon ya yi wa tsohon fintinkau na gaske shi ne maganar iska. Ba ruwa ne ke kashe shuka ba, toshe mata numfashi ne. Saiwa da ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa suna shan iskar oksijin, kuma buƙatarsu kusan ninkawa take yi idan zafi ya ƙaru da digiri 10. Ruwa ya kwanta kwana uku a watan Fabrairu, ƙasa na sanyi, ciyawa ba za ta ji komai ba. Kwana ukun nan a watan Yuli na iya ruɓar da dankali. Tsohon ma'aunin SEW30 na shekarun 1960 yana tara yawan santimitar da ruwa ya haura zurfin 30 a kowace rana: ruwa a zurfin santimita 10 na kwana biyar ya ba da 20 sau biyar, wato 100. Amma 100 ɗin hunturu da 100 ɗin bazara duk ɗaya ne a wurinsa, kuma a gona ba ɗaya ba ne.

Sai dai kada a ɗauka sabon ba shi da rauni. Sarrafa SWAP da WOFOST a kan kowace gona ta yanki guda aiki ne mai cin lokaci, don haka aka yi masa siga mai sauri, wadda aka tace daga tarin lissafin da aka riga aka yi. Me wannan sigar ke karɓa? GHG da GLG. Gonaki biyu na iya samun lambobi iri ɗaya, alhali ɗaya ruwanta na sauka a watan Afrilu, ɗaya sai Yuni. An dawo kusa da inda aka baro ke nan.

Babbar matsalar ma tana gaban wannan, a lambobin da ake ciyar da kowanne daga cikinsu. Ƙasa tana jan ruwa daga ƙasa zuwa saiwa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. A ƙasa mai laushin ƙwaya, milimita 2 a rana na iya hawa daga zurfin da ya wuce mita ɗaya. A yashi mai kauri, kafin a kai rabin wannan nisa jan ya yanke. Ke nan akwai wani zurfi da idan ruwa ya wuce shi da ɗan taƙi, asara ta yi tsalle. Lissafin ruwan ƙarƙashin ƙasa na yanki kuwa, kuskuren santimita 20 ko 30 ba abin mamaki ba ne a gare shi. Haɗa da kuskuren taswirar ƙasa da na zurfin saiwa, za ka ga bambancin da ke fitowa daga nan ya fi wanda ke tsakanin HELP da Waterwijzer. Kuma ɗaga ruwan lambatu da santimita 20 ba ya nufin tsakiyar gona ta ɗagu da 20. A ƙasar ruɓaɓɓen ciyayi ta yammacin Holan, da bazara ruwan tsakiyar gona kan faɗi ƙasa da na lambatu, da hunturu ya haura shi. Wannan ba ƙaramin zance ba ne tun da gwamnati ta bayyana a 2022 cewa tana son ruwa ya tsaya tsakanin zurfin santimita 20 zuwa 40 daga doron ƙasa a irin wannan ƙasa, don rage lotsawarta da hayaƙin da take fitarwa.

Duk mai son kwatanta su bisa adalci, ya fara ba su bayanan ruwa iri ɗaya, daga rijiyoyin awo na gaske. Ya tabbatar "cikakken amfani" da ake cire asara daga ciki abu ɗaya ne a wurinsu, domin kashi 10 na tan 50 ba kashi 10 na tan 40 ba ne. Ya duba asarar fari daban, ta ruwa daban, tunda kuskure biyu kan soke juna jimilla ta fito kamar daidai. Sannan ya matsa ruwan sama da ƙasa da santimita 20 ya ga ko shawarar ta juye. In ta juye, kuɗin a kashe su kan ƙarin rijiyoyin awo, ba kan sabuwar manhaja ba.

Masu aikin ban ruwa a wajenmu sun fi sanin lissafin FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 1979, inda masara ke da lamba 1.25: ta rasa kashi 20 na ruwan da take buƙata, a ce an yi asarar kashi 25. Don ƙarancin ruwa aka yi shi. A wuri irin Kadawa ta jihar Kano, inda magudanai kan toshe ruwa ya taso kusa da saiwa, wannan lissafi zai nuna gona lafiya lau alhali alkama na yin rawaya, mai kula da ƙofar ruwa kuma ya ƙara sako ruwa.