Yaron da ba shi da tebur kuka saya wa kwamfutar tebur

Tun jiya abin nan yake ci mini tuwo a ƙwarya, gara in faɗa ko zuciyata ta yi sanyi. Kun san maganar ɗan yayata da ya samu gurbin jami'a bana, kun kuma san karo-karon da muka yi a dangi don a saya masa kwamfuta. To an sayo. Na je yi masa sallama da yamma sai na tarar da kwalaye uku jibge a tsakar gida: ga akwatin kwamfutar, ga allon kallo, ga kibod da linzami da tarin wayoyi an ƙulle a baƙar leda. Kwamfutar tebur aka sayo wa yaron da zai je ya zauna a hostal. Shi kuwa yana tsugune a gefe yana jujjuya wayar wuta a hannunsa, ya kasa ɗaga kai, saboda babba ne ya sayo kuma ba a yi masa tarbiyyar musu da manya ba.

Na gaida Baffa, wanda shi ne ya sayo, na ce, "Baffa, Allah ya ƙara girma, a ina yaron nan zai girke wannan?"

Ya ce, "A ɗakinsa mana. Ai mai shagon ya ce ta fi ƙarko, ta fi ƙarfi, kuma ba mai iya sunkuce ta."

Na yi shiru don ba wurin magana ba ne. Amma raina ya ɓaci, kuma har yanzu a ɓace yake. Ba da Baffa nake ba, shi ya yi da zuciya ɗaya. Da masu ba da irin wannan shawarar nake, waɗanda rabonsu da leƙa ɗakin kwanan ɗalibai tun kafin a haifi yaran da suke yanke wa hukunci.

Kwamfutar tebur abu biyu take nema kafin ta amfane ka: tebur da wuta. Ɗalibin jami'ar gwamnati a ƙasar nan ba shi da ko ɗaya. Ba shi da tebur, ba shi da wuta. A nan maganar ta ƙare, sauran duk dogon turanci ne.

Ku shiga ɗakin hostal ku gani da idonku. Ɗakin da aka gina wa mutum huɗu za ka tarar takwas suna kwana, wani lokacin har da 'yan laɓe da ba su samu gado ba. Gadaje masu hawa biyu sun cinye bango, ƙarƙashinsu akwatuna ne da buhun garin kwaki da bokitai da risho. Soket ɗaya ke aiki, an jona masa doguwar waya, an sake jona wata a kanta, wayoyi goma na caji, wani kuma ya zo zai sa hita ya dafa ruwa. A ina za a ajiye allon kallo? A kan katifa? Yaron ya tanƙwashe ƙafa a gadon sama ya rungume akwatin kwamfuta yana rubuta aikin da malami ya ba shi?

A ce ma an samu wurin. Ina wutar? Ba sai na tuna wa kowa watan Oktoban 2024 ba, lokacin da layukan da ke kawo wa Arewa lantarki suka samu matsala, jihohi da dama suka kwashe sama da mako guda a cikin duhu. A kwanakin nan na ga ɗalibai da idona a rumfar mai caji, sun jera laftof ɗinsu a kan benci, kowa ya manna takarda da sunansa, suna zaune suna gadi har batir ya cika, sannan su koma su ci gaba da aiki. Mai kwamfutar tebur fa? Sai dai ya rufe ta da zani kada ƙura ta shiga. Tun watan Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin Band A, wato waɗanda aka ce sun fi kowa samun wuta, zuwa naira 225 kan kowane kilowat a awa, jami'o'i suka fito fili suna kukan kuɗin lantarki ya fi ƙarfinsu. Makarantar da ke lissafin awa nawa za ta iya kunna wa ɗakunan karatu wuta, ita kake tsammani za ta bar wa hostal wuta dare da rana?

Kuma ba rashin wutar kaɗai ba ne, yadda take tafiya ne. Ana ɗauke wuta kwamfutar tebur take mutuwa nan take, babu sallama. Duk abin da ka rubuta ba ka adana ba ya tafi. Idan abin ya yawaita, rumbun ajiyar kansa yakan samu matsala. Ran da aka kawo ta da ƙarfi fiye da kima kuwa, sai ka ji ƙauri. Sai a ce maka to sayi UPS, akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta. Ƙaramin UPS minti goma ko sha biyar yake riƙe ka, aikinsa ya ba ka damar kashewa cikin mutunci, ba ka ci gaba da karatu ba. Sai a ce ƙara da sitabilaiza. Sai a ce janareto. Wa zai bar ka ka tayar da janareto a hostal? Ko an bar ka, man da tun bayan cire tallafi a 29 ga Mayun 2023 ya tashi daga ƙasa da naira 200 har ya taɓa haura dubu a 2024, ɗalibin da ke ƙirga kuɗin taliya ne zai saya? Ita laftof da batirinta a jikinta take. Cajarta wat 45 ne ko 65, alhali kwamfutar tebur da allonta kan ci ninkin wannan sau biyu ko uku ko fiye. Ƙaramar sola ta ishe ta. Inda duk aka samu soket, a sashe ne, a laburare ne, a shagon aski ne, awa ɗaya da rabi ka samu abin da zai kai ka dare.

Sannan wai waye ya ce muku ɗalibi mazaunin ɗaki ne? Ƙarfe takwas yana lakca, sha biyu yana laburare, la'asar suna zaune su biyar a gindin darbejiya suna haɗa aikin rukuni. Gobe shi zai tsaya gaban aji ya yi bayani da majigi. Shekarar ƙarshe malamin da ke duba kundinsa zai ce buɗe babi na uku in gani, gyara nan yanzu ina kallo. Ya ce masa me? Malam bari in je hostal in ɗauko a baro? Ga zuwa koyon aiki na SIWES, wasu har wata shida a wani gari. Ga hutu sau biyu a shekara da ake cewa kowa ya kwashe kayansa. Ga yajin aiki: a 2022 ASUU ta rufe daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur. Duk tafiya sai an kai kwalaye uku tasha, a yi ciniki da ɗan kamasho, a cusa allon gilashi a but tsakanin buhun masara da jarkar manja, a hau hanyar da kowa ya san halinta. Sau nawa za ta yi wannan tafiyar ta isa lafiya?

Na san abin da za a ce. Sata. E, ana satar laftof, ba na musu, na san waɗanda aka ɗauke wa tasu ana saura mako biyu su kare kundi, na ga hawayensu. Amma maganin ɓarawo ba shi ne ka sayi abin da kai ma ba za ka iya amfani da shi ba. Laftof tana bayanka a jakar goyo, ka shiga masallaci ka ajiye ta a gabanka, ka kwanta ka sa ta a ƙarƙashin matashi. Wadda ka bari a ɗakin da mutum takwas da baƙinsu ke shige da fice tun safe har dare, wa ke tsaronta? Mai sukundireba minti biyar ya ishe shi ya kwance murfin ya zare RAM, wato ma'adanar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, da rumbun ajiya ya mayar ya rufe, ba za ka sani ba sai ka zo kunnawa. Kuma abin da ya fi na'urar tsada aikin da ke cikinta ne. Google Drive na ba kowa gigabait 15 kyauta. Yaron da aka koya wa ya riƙa tura aikinsa can kowane dare, ko an sace ƙarfen ba a sace shekararsa ba.

Sai masu cewa ta fi ƙarfi a kuɗi ɗaya. Gaskiya ne, a takarda. Ƙarfin me, a yi me da shi? Mafi yawan ɗalibanmu Word ne da PowerPoint da Excel, da karanta littattafan PDF, in an kai ƙarshe a taɓa SPSS, manhajar lissafin alƙaluman bincike. Wannan ba ya neman doki, jaki mai lafiya ya isa. Masu zanen gine-gine da injiniyoyi da ke fama da manhajojin zane irin su AutoCAD da Revit su ma a situdiyo suke kwana, can suke buƙatar na'urar, ba a ɗaki ba. Ƙarfin da ke jiran a kawo wuta ba ƙarfi ba ne.

Bari in faɗi abin da ba a son faɗa. Da yawa ba ƙarko suke dubawa ba, ba su yarda da yaron ba ne. Gani suke in aka ba shi abin da zai iya ɗauka ya ɓuya da shi, kallon banza zai riƙa yi. In mace ce abin ya fi muni, na sha jin ana cewa laftof buɗe wa yarinya ido take yi. Haba jama'a! Wayar da ke aljihunsa fa, me ya rage da ba ta nuna masa ba? Kun yarda ku tura shi gari mai nisa shi kaɗai, kun yarda ya riƙe kuɗin abincinsa, ya tashi kansa sallar asuba, amma kwamfuta ce ba ku yarda ya riƙe ba? In tarbiyyar da kuka ba shi shekara goma sha takwas ba ta tsare shi ba, nauyin akwati ba zai tsare shi ba. Wannan yaron na san shi tun yana goye. Da fitilar waya ya yi karatun jarrabawarsa, sauro na cizonsa. Abin da yake buƙata a wurinmu kayan aiki ne da addu'a, ba zargi ba.

Kuma kada wani ya ce sai mai kuɗi. Ba sabuwa dal nake cewa a saya ba. Duk wanda ya san Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ya san 'yan gwanjo ne ke riƙe da ɗaliban ƙasar nan. A nemi irin waɗanda ofisoshin Turai suka yi aiki da su suka sallamo, su HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad, don jikinsu na da ƙwari kuma ana samun batirinsu da kibod ɗinsu a kasuwa. RAM kada ya gaza gigabait 8. Rumbun ya zama SSD, irin na zamani mai sauri, ko da gigabait 256 ne, ya fi tsohon faifai mai juyawa komai girmansa. Kada tambarin Core i7, sunan injin kamfanin Intel da ke cikinta, ya ruɗe ku, ku tambayi zubi na nawa ne, domin i5 zubi na takwas ta fi tsohuwar i7 amfani gare shi. Dalili kuwa, Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, ita kuma Windows 11 daga zubi na takwas na Intel take karɓa a ƙa'ida. Batir kuma kada a yarda da rantsuwar kowa. A zare caja, a zauna a shagon rabin awa ana aiki da ita, a ga kashi nawa ya sauka. In an sayo a ja wa yaron kunne ya daina ɗora ta a kan katifa, yana toshe mata hanyar iska, ga zafin Afrilu ga ƙurar hunturu.

Da sassafe zan koma wurin Baffa, in durƙusa in ba shi haƙuri, in roƙe shi ya ba ni rasit. Ko da asara za a yi a musaya, na ɗauki cikon. Yaron nan ba zai shiga mota da kwalaye uku ba ina raye.

Wani abin da ya ƙara tsaya mini a rai ma, da na ce ya kunna in gani kafin a ɗauke wuta, sai na ga da yatsa biyu yake neman haruffa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Shekara shida ya yi a sakandaren da ke da ɗakin kwamfuta. Na tambaye shi sau nawa ya shiga, ya ce sau biyu, ɗaya ran da baƙi suka zo duba makarantar. Kullum a kulle, an lulluɓe na'urorin da leda, makullin yana aljihun wani. Tun 2015 JAMB ta koma yin jarrabawarta kacokan a kwamfuta, amma har yau akwai yaran da ranar jarrabawar ce ranar farko da hannunsu ya taɓa linzami, awa biyun da aka ba su rabi ya tafi a rawar hannu. Ƙanwarsa tana aji biyar yanzu. Na miƙa mata linzamin jiya, ta riƙe shi da hannu biyu, ta ɗago tana tambayata, "Kawu, wanne ake dannawa?"