Lambar da ba a karanta ta a shekara guda

A aji huɗu na firamare a Katsina, malaminmu ya rubuta 2, 3, 5, 7, 11, 13 a allo, ya ce sunansu firam namba, babu abin da ke raba su ba saura sai 1 da su kansu. Muka haddace kamar aku, muka ci jarrabawa, shi ke nan. Ban sake tuna su ba sai nan Dublin, babban birnin Ireland, ranar da wani abokin aikina ya shigo yana fara'a kamar an yi masa haihuwa, wai an gano sabuwa.

A watan Oktoba na 2024 ne. Luke Durant, tsohon ma'aikacin Nvidia a Amurka, ya yi hayar na'urori a ƙasashe 17, kuma wadda ta fara hango lambar tana nan garin. A jera 2 sau 136,279,841, a ninka su, a cire 1. Alƙalumanta 41,024,320. In kana karanta ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai ka haura shekara da wata uku.

Tana cikin dangin da ake kira da sunan Mersenne, wani malamin coci na Faransa da ya rasu a 1648, ita ce ta 52 da aka sani. Dangi ne mai yaudara. Dole yawan biyun da aka jera ya zama firam, amma hakan bai wadatar ba: in aka jera biyu guda 5 aka ninka aka cire 1, ana samun 31, lafiya lau, guda 11 kuwa na ba da 2047, wato 23 sau 89, ba firam ba ce. Abin da ya fi burge ni shi ne kowace ɗaya tana haifar da cikakkiyar lamba. Misali 7, wadda ita ma 'yar dangin ce: 7 sau 4 ya zama 28, kuma in ka tara masu raba 28, wato 1, 2, 4, 7 da 14, sai 28 ta dawo maka. Ba a taɓa nuna mana wannan a aji ba, alhali alli kawai yake buƙata.

Da na ba yayana labari a waya, ya ce, "To, a ci ta ko a sayar?" Yana da gaskiyarsa. Lambobin firam da ke tsare kuɗinmu a banki ba su kai ƙurar wannan ba, kuma wanda wuta ke zuwar masa jefi-jefi ba zai bar kwamfuta tana aiki makonni ba.

Amma ban yarda cewa wasan masu ƙoshi ba ne. Édouard Lucas, wani masanin lissafi na Faransa, da hannu ya tabbatar da mai alƙaluma 39 a 1876. Mu ma muna da Muhammad al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Bambancin da nake gani shi ne, a nan ana ba yaro lamba ya yi ta juya ta, mu kuwa ana ba mu ne mu mayar ranar jarrabawa.

Na tura wa ɗan yayan nawa 2047 ta WhatsApp, na ce ya nemo masu raba ta. Bayan kwana biyu ya aiko da 23 da 89, ya ce ya koma kan 8191, kuma har yanzu ta ƙi rabuwa. Ban gaya masa komai ba tukuna.