A nan magajin gari ke neman mai shago, a gida mai tikiti ke nemansa

Wani abokina tela, ɗan Senegal, ya daɗe yana ɗinki a cikin ɗakinsa a ƙaramin garin da muke zaune a gefen Liyon, a Faransa. Ran nan wata mata ta ƙwanƙwasa masa ƙofa, ta ce daga ofishin magajin gari take. Gabansa ya faɗi, ya ɗauka maƙwabta ne suka kai ƙararsa saboda ƙarar keke. Ashe tayin shago ta kawo masa. Akwai wani kanti a bakin babban titi da ya jima a garƙame, ta ce ya shiga ya gwada wata shida da haya mai sauƙi. In ciniki ya yi, ya zauna. In bai yi ba, ya mayar da makulli.

Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Matar nan aikinta ke nan, a kansa ake biyanta albashi. Tana riƙe da jerin duk shagon da ba kowa a ciki, ta san mai ginin, ta san nawa yake nema, ta san unguwar da ba ta da mahauci ko mai gashin burodi. A bakin titin an ja shuɗin layi, ka aje mota kyauta na ɗan lokaci, sai dai ka sa wani kwali mai zanen agogo a bayan gilashi don a san sa'ar da ka tsaya, kada wani ya kwana a wurin ya tare wa masu saye. Ranar kasuwa kuwa, a filin tsakiyar gari akwai famfo da wurin jona wuta ga mai kifi da mai cuku. Ana tashi da azahar motar shara ta biyo da ruwa, kafin la'asar ka rantse ba a ci kasuwa a wurin ba.

Ba don tsabar kirki suke yi ba, wuya suka sha. Tun da Carrefour ya buɗe katafaren kantinsa na farko a wajen Paris a 1963, irin waɗannan kantuna suka yi ta janye masu saye zuwa bayan gari, tsakiyar ƙananan garuruwa ta mutu. Shi ne a 2005 aka yi dokar da ta ba hukumar gari damar riga kowa sayen shagon da aka sa a kasuwa, ta miƙa wa mai sana'ar da unguwa ke bukata. Gari na iya ɗora haraji a kan shagon da aka bari a rufe shekara 2. Wannan ba da shago na gwaji a garin Noyon aka fara shi a 2013. A 2018 gwamnati ta zaɓi garuruwa 222 ta ware musu Yuro biliyan 5, a 2020 ta ƙara wani shiri don garuruwan da ba su kai mutum 20,000 ba.

To mu a Kamaru fa? Ba sai na ba ɗan Garwa labarin kasuwar Pitowa ranar Lahadi ba. Jama'ar da suke kashe biliyoyi don su dawo da ita, mu Allah ya ba mu ita kyauta. Amma kowa ya san wanda ke fara yi wa mai kaya sallama a kasuwanninmu: mai tikiti. Tun ba ka yi cinikin dala ba ya tsaya maka a ka. Da damina taɓo har ƙauri, ba ban-ɗaki, ba famfo, magariba na yi duhu ya kori kowa. An mayar da ɗan kasuwa saniyar tatsa, ba dusa ba ruwa.

Na san za a ce aljihun ba ɗaya ba ne, gaskiya ne. Harajin Faransa ma yana da zafi, takardunsu kuwa sai mai haƙuri. Amma a Kamaru dokar 2019 ta bar gina kasuwa da kula da ita a hannun hukumar gari, hukumar FEICOM kuma tun 1974 aka kafa ta don ta riƙa tallafa wa garuruwa da kuɗin aiki. Nawa ne kuɗin zama da sarkin kasuwa da sarkin pawa a tambaye su abin da ke damun mutanensu? Nawa ne a yafe wa yaron da ubangidansa ya sallama kuɗin wuri na wata uku? A karɓi kuɗi sau ɗaya, a ba da rasit, a kafa allo a bakin kasuwa a rubuta abin da aka tara da abin da aka yi da shi. Wannan ba ya bukatar Yuro.

Abin da ya fi yi mini ciwo, su ba su da abin da muke da shi. A nan ba adashi, ba ubangidan da zai riƙe yaro shekaru ya ba shi jari, ba mai ba ka buhun shinkafa ya ce sai ka sayar. Ka shiga shago ka fita ba wanda ya tambaye ka mutan gida. Mu muka gaji duk wannan, amma ga mu a warwatse, wasu a Duwala, wasu a Njamena, wasu a nan muna ɗaukar kwali a sito. Rumfar Baba ƙanena ne kaɗai ya rage a cikinta, shi ma duk wayar da muka yi maganarsa ɗaya ce: "Yaya, ka nemo mini hanya." Nakan ce masa ya yi haƙuri, kasuwa albarka ce, kada ya bar Baba shi kaɗai. Sai ya ce, "To kai me ya fitar da kai?"