Dakta, shekarar gatari ce kawai

Tun daren jiya nake ta haɗiye maganar nan, amma ta ƙi wucewa. Waɗanda ke cikin zaurenmu sun ga abin da ya faru. Na sa hotunan tsofaffin ɗakunan katako na 'yan ƙabilar Sami da ke Arvidsjaur, can arewacin Suwidin, sai ga wani ɗan zauren da muke kira Dakta ya diro da fatawarsa: wai masana sun ƙirga zobban katakon, ginin bai wuce shekara 200 da 'yan kai ba, saboda haka zancen 'yan asalin ƙasa farfaganda ce, su ma baƙi ne kamar kowa. Har aka samu masu tafa masa. Madalla. Allah ya ƙara basira.

To ranka ya daɗe, a ce ma lissafin naka daidai ne. Zoben itace shekarar da aka sare itacen yake faɗa, iyakarsa ke nan. Bai san ranar da mai gatarin ya zo ƙasar ba, balle ranar zuwan kakansa.

Na taɓa tsayawa a kan masu wannan aiki lokacin da nake karatu a can. Wani ƙarfe ne mai rami a ciki kamar bututu, a kafa bakinsa a jikin gungume a yi ta murzawa, sai a zaro siririn itace kamar fensir. A manna shi a kan katako, a goge da samfefa har ya yi sheƙi, sannan a sa shi ƙarƙashin madubi mai ƙara girma. A ƙasar sanyi bishiya ba ta girma sai 'yan watannin ɗumi, don haka duk shekara zobe ɗaya take ajiyewa. Shekarar da ta ji daɗi zoben ya yi kauri, shekarar wahala ya tsuke, wani ma bai kai kaurin farce ba. Da na leƙa madubin sai da idona ya yi ruwa kafin in raba layi biyu. Jerin kauri da tsukewar nan shi ake ɗauka a gwada da babban jerin da aka riga aka haɗa na yankin, har ya zauna daram a gurbinsa. A arewacin Finlan jerin ya haura shekara 7,000, da gumaguman da aka tsamo daga ƙasan tafkuna masu sanyi aka haɗa shi. Akwai shekarun da masu aikin ke ganewa da ido, irin 1601, wadda ta biyo bayan aman wutar dutsen Huaynaputina a Peru a 1600, sanyi ya hana itatuwan arewa sakewa.

Ilimi ne na gaske, ba ni da ja da shi. Da kai nake ja, Dakta.

Su kansu masu aikin sun fi ka taka tsantsan. Idan magini ya fere gungumen ya zubar da zoben ƙarshe na jikin ɓawo, ba za su ce ga shekarar sara ba, sai dai su ce bayan shekara kaza ne. Idan gungumen ƙasa ya ruɓe aka sauya shi da sabo, sabon zai nuna ƙuruciyar da ginin ba shi da ita. Idan kuma tsohon rumbu aka warware aka yi ɗaki da shi, katakon ya girmi ɗakin. Wato ko shekarun ɗakin kansa sai an yi da gaske kafin a yanke hukunci. Kai kuwa daga kan kujera, da babban yatsa ɗaya, ka tsallake ɗakin ka yanke wa al'umma guda shekarun haihuwa.

Zauren gidanmu a cikin birnin Kano ya zube a ruwan 1988, aka tashe shi da bulo da siminti. In an bi lissafinka, danginmu a 1988 suka shigo Kano. Kakata da aka haifa a gidan, ita ma baƙuwa ce ke nan.

Sannan ka ko tambayi dalilin gina ɗakunan? Ba gidajen zaman yau da kullum ba ne. Tun farkon ƙarni na 17 masarautar Suwidin ta shiga kafa coci-coci a ƙasar Sami, aka wajabta wa mutane halarta a manyan ranaku, a nan kuma ake cin kasuwa, a karɓi haraji. Mutumin da ke kiwon barewar ƙanƙara a daji mai nisa, dole ya samu inda zai kwana da inda zai ajiye kayansa. Shi ya sa suka gina waɗannan ɗakuna da rumbuna, wajen 80 ne a Arvidsjaur, ƙofofinsu gajeru, sai ka sunkuya kake shiga. Har yau jikokinsu na taruwa a wurin a ƙarshen watan Agusta. To wa ake gina wa coci a kuma aza wa haraji, in ba wanda aka tarar ba? Ginin da ka kafa hujja da shi, a kanka yake ba da shaida.

Kuma tunda zobe kake so, ga zobe. Sami sun daɗe suna ɓare ɓawon itacen fayin, wata bishiyar ƙasar sanyi, a farkon lokacin ɗumi, su kankare farin da ke ciki su yi abinci da shi. Ba sa zagaye bishiyar, sukan bar mata gefe don ta rayu, sai tabon ya zauna a jikinta tana ci gaba da ɗora zobba a bakinsa. An bi irin waɗannan tabo a yankin Arjeplog, can arewacin Suwidin, an ƙirga, aka samu daga wajen 1450 har zuwa ƙarshen ƙarni na 19. Na tsaya gaban guda ɗaya, tabon dogo, ya yi fari fat, gefensa ya naɗe kamar bakin tsohon rauni. Wani ne ya tsaya daidai inda na tsaya, da yunwarsa, kuma ya ji tausayin bishiyar. Wallahi sai da jikina ya yi sanyi.

Na san wani zai ce to ai 1450 ɗin ma jiya ce. Ɗan'uwa, ka koma sama ka sake karantawa. Ranar ɓare ɓawo ce, kamar yadda waccan ta zama ranar sara. Masu cewa duk dabarar Turawa ce kuwa, ku je ku sari itace ku ƙirga, ba a biyan kuɗi. Masu tambayar ina ruwanmu da Suwidin, ku tambayi Dakta, shi ya fara.

Ita kanta gwamnatin Suwidin ta yi shekara da shekaru tana shari'a da makiyayan Sami na Girjas a kan ikon ba da izinin farauta da kamun kifi a yankinsu. Ranar 23 ga Janairu, 2020, Kotun Ƙolin ƙasar ta ba makiyayan gaskiya, hujjarta kuwa ita ce daɗewar da suka yi suna amfani da ƙasar tun kaka da kakanni. Alƙalan ba su ce a nuno musu bene ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san wannan tunani, ba a Turai na fara jin sa ba. Mai bango shi ne mai tarihi, wanda ya kafa bukka ya tashi kuwa kamar bai taɓa wanzuwa ba. Mun sha jin sa a kan masu ruga, an kuma sha yi mana shi a garuruwan da kakanninmu suka tsufa suka mutu, ana ce mana baƙi. Ban zaci zan ji shi daga bakin mai digiri uku ba.

Af, wani ya biyo ni ta bayan fage yana tambaya ko za a iya ƙirga shekarun azarar tsohon soron gidansu. Ayya, Malam, ba za a iya ba. Azara giginya ce, ita kuwa giginya ba ta yin zobe, in ka tsaga ta zare-zare za ka gani baƙaƙe, kamar an ɗaure tsintsiya. Amma don Allah kar ku bari a yi girki da ita. Namu da aka cire a 1988 a murhun bikin yayata suka ƙare, kuma har yau in na tuna sai na ji haushin kawuna da ya ba da izini.