Rolar Amurka ba za ta yi mana noma ba, amma garmar shanunmu za ta iya

Shekara shida ke nan ina aiki a wata gona a kudu maso gabashin jihar Pensilbaniya, gonar da ba a zuba mata maganin kashe ciyawa ko cokali guda. Ni mutumin ƙasar Funtuwa ne, da fartanya na buɗe ido. Bara a farkon watan Yuni na ɗauki bidiyon aikinmu na tura wa yayana a WhatsApp, kuma amsar da ya ba ni ce ta hana ni sakat har yau.

A bidiyon, tarakta ce ta shiga gonar wani tsiro ɗan'uwan alkama da mutanen nan suke kira rai. Tun kaka muke shuka shi, ya sha sanyi a ƙarƙashin ƙanƙara, zuwa ƙarshen Mayu ya kusa kai tsayin mutum. A goshin taraktar an ɗaura rola, wato ƙatuwar gangar ƙarfe da ake cika wa ruwa don ta yi nauyi, an yi mata waldar ƙarafa marasa kaifi a jiki, a karkace kamar ƙashin kifi. Ba yanka take yi ba. Kwantar da karan take yi, ta murƙushe shi gaɓa-gaɓa yadda ruwa ba zai ƙara hawa ba, sai ya bushe a inda ya kwanta. A bayan taraktar kuma injin shuka yana tsaga wannan shimfiɗa yana zuba waken soya. Wucewa ɗaya, an gama. A watan Yuli, rana na dukan ƙeya, na sha durƙusawa in cusa hannu ƙarƙashin wannan tabarma ta kara: ƙasa sanyi ƙalau, da damshi, tana ta motsi da tana, ciyawa kuwa ba ta ga hasken da za ta fito ba.

Yaya ya ce, "Ƙanena, ai wannan ita ce ƙarshen wahalarmu. Nawa take?" Na ce, "Yaya, ko kyauta aka ba ka, a bayan gida za ta yi tsatsa."

Ba raini ba ne. Manoman Barazil ne suka daɗe da irin wannan rola, daga baya cibiyar Rodale da ke kusa da garin Kutztown, ba nisa da mu, ta gyara ta a farkon shekarun 2000 ta yaɗa ta a Amurka. Amma ƙarfen ba shi ne sirrin ba, karan ne. Sai gona ta tara busasshen kara wajen tan 8 a kadada kafin shimfiɗar ta danne ciyawa, kuma sai tsiron ya yi fure sosai kafin a bi ta kansa. Wata shekara muka yi gaggawa da mako guda, kwana kaɗan sai ga shi ya miƙe tsaye kamar ba a taɓa shi ba, ya shaƙe waken. To ina za mu samu wannan kara a gida? Ruwan da ke sauka a nan da wanda ke sauka a ƙasar Zariya da Funtuwa kusan ɗaya ne, wajen milimita 1,000 zuwa 1,100 a shekara. Bambancin shi ne na nan yana warwatse cikin wata goma sha biyu, namu kuwa a wata biyar yake zubowa ya ɗauke. Babu tsiron da zai tsaya ɗanye a gonar tudu daga Nuwamba zuwa Mayu. Karan dawa da ya rage kuma yana da masu shi: shanu, danga, murhu, abin da suka bari gara ta cinye. Harawa kuwa kuɗi ce, babu mai hankalin da zai shimfiɗa ta a ƙasa alhali tumakinsa na kuka.

Duk da haka na san abin da ya sa Yaya ya yi wannan tambaya, kuma yana ci mini rai. Gayya ta mutu. Samari sun tafi birni ko sun hau babur, kuɗin ƙwadago a lokacin noman farko ya fi ƙarfin talaka, sai kowa ya koma feshi. Zuwana gida na ƙarshe na ga ɗan yayana, yaro ɗan shekara 15, ya goya famfon feshi, ba takalmi, ba abin rufe hanci, maganin na ɗiga ta bayansa ya jiƙa masa riga. Kwalbar da ya juye irin mai ƙona ganye nan take ce, wadda Tarayyar Turai ta haramta tun 2007. Da yamma yana cewa kansa na sarawa, aka ce ya sha madara. Kuma wata asarar da ba a lissafawa: gonar da muka taso a cikinta akwai wake yana yaɗo a gindin dawa, ga kabewa, ga rama da lalo da tafasa a bakin kunya, Inna na tsinko na miya tana dawowa gida. Maganin da ake fesa wa masara ba ya barin mai faɗin ganye ko ɗaya. Wannan yaɗon wake da kabewa shi ne rufin ƙasarmu, tun kafin Bature ya ba abin suna, kuma ya fi nasu dacewa da mu domin ana ci, dabba ma ta ci. Da hannunmu muke kashe shi.

Kada wani ya ɗauka duk Amurka haka take noma kamar gonarmu. Gonakin da hukuma ta ba wa shaidar ba sa amfani da magani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasar noma ba. Yawancin manyan manoma feshi suke yi, kuma sun ga sakamako: tun wajen 2005 aka tabbatar a jihar Jojiya cewa wata ciyawa dangin alayyafo ta daina jin maganin da kowa ya dogara da shi, har manyan masu auduga suka koma ɗaukar mutane suna cirewa da hannu.

Abin da ya kamata in tura wa Yaya tun farko wani bidiyon ne daban. Tafiyar kamar awa guda daga inda nake, a gundumar Lankasta, akwai al'ummar Amish, mutanen da har gobe da dawakai da alfadarai suke noma. Na tsaya a bakin titi na kalli wani matashinsu yana noman masara: dawakai biyu, wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu da yake zaune a kai, da ƙananan haƙora suna bi ta gefen layi hagu da dama. Babu mai, babu batir. Ƙananan maƙeran yankin ne suke ƙera su. Mu ma a gonarmu, kayan da suka fi yi mana aiki ba masu kyamara da kwamfuta ba ne, wani abu ne kamar mashaci mai siraran wayoyi, da muke ja a kan gona tun ciyawa tana farin zare ba ta ɓullo ba. A wannan lokacin kaɗa ƙasa kaɗan ya isa. In ka bari ta yi ganye huɗu, ta gama da kai.

Mu muna da shanun huɗa a kusan kowane ƙauye daga Katsina har Maraɗi, amma sai mu yi huɗa da su mu ɗaure, mu koma duƙe da fartanya ko mu ɗauko famfo. Abin da ya rage ƙarami ne: ƙarfen noma mai haƙora da zai hau kunya ya kankare gefenta biyu, da igiyar shuka don layi ya miƙe, tazara ta zama ɗaya. Wannan aikin cibiyar binciken noma ta Samaru ne da cibiyar kayan noma ta Ilorin, su sauko da zane har rumfar maƙeri da mai walda a kasuwar ƙauye, yadda in haƙori ya karye ranar kasuwa za a sake shi. Kuɗin tarakta guda da ake jerawa a filin taro zai ƙera ɗaruruwan irin wannan. Ban ce zai kashe ƙuduji ba. Wannan sai da taki da juya shuka da waken soya ko gyaɗa. Amma zai ɗauke rabin noman farko da maimai, ya bar wake ya yi yaɗonsa.

Watan jiya na auna ƙarfen wani manomi Ba'amishe da izininsa, na zana a takarda na tura. Yaya ya kai wa maƙerin garinmu, shi kuma ya aiko a tambaye ni faɗin kunyarmu, ya ce haƙoran da na zana sun yi siriri ga jar ƙasarmu in ta sha rana, zai yi su da sifirin ɗin tsohuwar mota. Na ce ya yi yadda ya gani. Gonar bayan rafi za a fara gwadawa, kunya ashirin, in ruwa ya zauna.